Matan da suka yi finafinan ɓarayi da 'yan sanda tun fim bai iya magana ba

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun aikin jarida da fim. An ba mu aikin rubutu kan finafinan laifuffuka na zamanin da fim ba ya magana, amma duk sunayen da nake cin karo da su na maza ne. Shin mata ba su taɓuka komai ba a lokacin, ban da fitowa a matsayin wadda aka sace ko aka kashe?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Sun taɓuka, kuma ba ɗan kaɗan ba. Akwai waɗanda suka rubuta labari, akwai waɗanda suka ba da umarni, akwai masu kamfani nasu na kansu, akwai kuma waɗanda suka haɗa duka ukun sannan suka fito a ciki. Rashin ganin sunayensu a littattafan da kike dubawa yana da dalili, zan zo kansa. Amma bari mu fara da aikin kansa, domin shi ne hujja.

Zamanin da kike magana a kai ya tashi daga wajen 1895 zuwa ƙarshen shekarun 1920, lokacin da murya ta shigo. Kafin 1913 yawancin finafinai naɗi ɗaya ne na faifai, minti goma zuwa sha biyar. In ana son a gaya wa mai kallo abin da wani ya ce, sai a rubuta a allo tsakanin hoto da hoto, mai kiɗan fiyano kuma yana gefe yana bin abin da ke faruwa. Labarin laifi ya dace da irin wannan fim matuƙa, saboda ɓarawon da ke laɓe a bayan ƙofa ba ya bukatar ya ce uffan kafin gabanki ya faɗi. Tun 1903 Edwin S. Porter ya yi The Great Train Robbery, labarin fashin jirgin ƙasa, daga nan kamfanoni suka gane cewa sata da tsere da kamu suna cika gidan silima.

Mace ta farko da ya kamata ki riƙe sunanta ita ce Alice Guy, Bafaranshiya, an haife ta a 1873. Sakatariya ce a kamfanin Léon Gaumont a Paris, wanda a farko kayan ɗaukar hoto yake sayarwa. Ita ta nemi izini ta riƙa shirya gajerun labarai ana ɗauka, har ta zama shugabar sashen shirya finafinai na kamfanin zuwa 1907, lokacin da ta yi aure ta bi mijinta Herbert Blaché Amurka. A can ta kafa kamfanin Solax a 1910, a 1912 kuma ta gina masa katafaren wurin ɗaukar fim a Fort Lee, jihar New Jersey. Ta yi finafinai iri-iri, na ban dariya da na tausayi da na tsoro, ciki har da The Pit and the Pendulum na 1913 da ta ɗauko daga labarin Edgar Allan Poe. Abin da ya haɗa ta da batunki kai tsaye kuwa shi ne wani mutum da ta ɗauka aiki a Gaumont yana rubuta mata labarai, Louis Feuillade. Shi ya gaji kujerarta da ta tafi, kuma shi ya yi Fantômas da Les Vampires, finafinan gungun miyagu da ake ɗauka su ne kakannin irin wannan fim a Turai. Duk littafin da kika buɗe za ki ga Feuillade. Kaɗan ne za su gaya miki a hannun wa ya fara.

Fim ɗin da nake so ki fara kallo kafin ki rubuta ko da layi ɗaya shi ne Suspense na 1913, na Lois Weber. Bai wuce minti goma da 'yan kai ba. Ita ta rubuta, ita da mijinta Phillips Smalley suka ba da umarni, ita ce kuma ta fito a matsayin matar gida. Labarin ba sabo ba ne ko a lokacin. D. W. Griffith ya yi irinsa a 1909 a The Lonely Villa: miji ba ya gida, miyagu sun shigo, mata ta buga waya, miji ya taho a guje. Abin kallo shi ne yadda ita ta juya shi.

Gida ne can bayan gari. 'Yar aiki ta gaji da kaɗaicin wurin, ta rubuta takarda ta ajiye, ta leƙa uwargida da jaririnta ta kafar makulli, mu ma ta wannan kafar muke ganinsu. Ta fita, ta kulle ƙofa, ta cusa makulli ƙarƙashin abin goge ƙafa. Wani mai gararamba yana wucewa ya ga fitarta. Daga nan Weber ta yi abin da har yau in na nuna wa ɗalibai sai ajin ya yi tsit: matar ta leƙo ta tagar bene, sai kyamara ta koma idonta, muna kallon ƙasa daga sama, mutumin yana tsaye a ƙofa, sai kawai ya ɗago kai ya zuba mana ido. Ita yake kallo, amma mu ne a wurinta. Na taɓa ganin wata ɗaliba ta ja baya a kujera a daidai nan, alhali hoton ya haura shekara ɗari kuma babu ko sauti.

Ta ruga ta buga wa mijinta waya a ofis. A nan aka raba allo gida uku da siffar alwatika: ita a kusurwa ɗaya riƙe da waya, miji a tsakiya yana saurare, ɓarawon a ɗaya kusurwar yana lalubo makulli, yana shiga, har ya kai ga yanke wayar. Za ki ga wasu suna rubuta cewa Weber ce ta ƙirƙiro raba allo. Kada ki rubuta haka, an riga an yi shi a wani fim na ƙasar Denmark tun 1910. Abin da ya dace ki ce shi ne ta yi amfani da shi inda ya fi kowane wuri ma'ana. Griffith yana yanka hoto ne daga gida zuwa hanya, daga hanya zuwa gida. Ita kuwa ta sa mutum ukun a gabanki lokaci guda, kina ganin abin da matar ba ta gani ba tukuna, kina ganin mijin da ba shi da abin yi sai riƙe waya.

Miji ya fito ya tarar da motar wani a bakin titi, ya shige ya ja. Mai mota da 'yan sanda suka bi shi, wato mai zuwa ceto shi ma ya zama wanda ake farauta. Muna ganin motar masu bin sa tana matsowa ta madubin gefe. A gida kuwa mutumin bai yi gaggawa ba, ya shiga kicin ya ci abinci, ya ɗauki wuƙa, sannan ya hau matakala yana tahowa har fuskarsa ta cika allon. Matar ta tokare ƙofar ɗaki da kayan ɗaki, ya fasa katakon ya zuro hannu yana laluben makulli. Daga ƙarshe an kama shi, mai mota ya yafe wa miji da ya ga dalili. Amma abin da ke zama a ran mai kallo shi ne wancan hannun. Ra'ayina shi ne, a nan bambancin yake: maza da yawa na lokacin sun ɗauki wannan labari a matsayin labarin mai ceto, ita kuwa ta ɗauke shi daga cikin ɗakin da aka kulle. A 2020 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin jerin finafinan da ƙasar ke adanawa a matsayin kayan tarihi.

Weber ba ta tsaya a tsoratarwa ba. Kafin ta shiga fim ta yi aikin wa'azi a bakin titi cikin unguwannin talakawa, kuma wannan bai rabu da ita ba. A 1916, lokacin tana cikin manyan daraktocin kamfanin Universal, ta yi The People vs. John Doe kan hukuncin kisa. Ta ɗauko shi ne daga shari'ar Charles Stielow, wani ɗan ƙwadagon gona a jihar New York da aka yanke wa hukuncin kisa a 1915 bisa zargin kashe maigidansa da mai kula da gidan. Hujjar da aka kafa a kansa ita ce ikirarin da aka ce ya yi a hannun masu bincike, da shaidar wani da ya ce shi gwanin bindiga ne, wadda daga baya aka gano ba ta da tushe. Cikin waɗanda suka tsaya masa har da wata lauya mace, Grace Humiston. An sassauta hukuncin a ƙarshen 1916, aka sake shi a 1918. Ki lura da abin da Weber ta tambaya a nan. Ba ta damu da a gano mai laifi kaɗai ba, ta sa mai kallo ya tambayi kansa yadda ake tatsar ikirari daga bakin talaka marar ilimi, da kuma wa zai biya in hukuma ta kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Wani ɓangare ne kawai na fim ɗin ya rage.

Sai kuma abin da yau muke kira fim mai dogon zango. Tsarin a katse labari a daidai inda rai ya tashi, a ce sai mako mai zuwa, ya kafu ne tsakanin 1912 da 1920, kuma mata ne suka ɗauke shi a kafaɗa. Na farko a Amurka, What Happened to Mary na 1912, an haɗa shi ne da wata mujallar mata, kowane kashi yana fitowa a takarda da kuma a silima. Kamfanoni sun san su wa ke sayen tikiti: 'yan matan da suka fara aiki a ofisoshi da kantuna da gidan waya, waɗanda ke da ɗan kuɗinsu a hannu. Sunan Pearl White ya fi fita saboda The Perils of Pauline na 1914, kashi 20. Amma don aikinki, biyu sun fi ta muhimmanci, domin su sun shiga bayan kyamara.

Ta farko Helen Holmes, jarumar The Hazards of Helen, wanda ya kai kashi 119 tsakanin 1914 da 1917, kodayake ita ta bar shi a 1915, Helen Gibson ta karɓa. Helen ɗin labarin ma'aikaciyar wayar tangaraho ce a tashar jirgin ƙasa. 'Yan fashi su zo, ta bi su, ta yi gudu a kan rufin tarago, ta diro daga gada zuwa kan jirgi mai tafiya. Sau da yawa ita da kanta take yin waɗannan abubuwa masu hatsari, kuma tana da hannu a rubutu da tsara wasu kason. Wani abu da ke taɓa ni a labarin shi ne yadda ake nuna manyanta a wurin aiki suna shakkar iyawarta don tana mace, sai ta sake nuna musu.

Ta biyu Grace Cunard, wadda nake ganin an fi kowa zalunta a tarihin nan. Ita da Francis Ford, yayan John Ford da ya yi suna daga baya, sun yi aiki tare a Universal. Ita ce ke rubuta mafi yawan labaran, tana fitowa, tana kuma ba da umarni tare da shi, wani lokaci ita kaɗai. Sun yi Lucille Love a 1914, The Broken Coin a 1915, The Purple Mask a 1916. Abin da ya bambanta ta shi ne ba ta yarda ta tsaya a gefen doka kullum ba. Ta rubuta wa kanta rawar ɓarauniyar lu'ulu'u mai wayo wadda ɗan sandan ciki ke bi yana kasa kamawa, a The Purple Mask kuma tana sa takunkumi a fuska tana ƙwace dukiyar masu hali don talakawa. A harshen 'yan kallonmu, ita ce jaruma ita ce bos.

A wannan kamfanin dai akwai Cleo Madison, wadda ta ba da umarnin gajerun finafinai da dama a 1915 da 1916. Eleanor's Catch na 1916 ya tsira, ki neme shi. Yarinya ce 'yar talakawa, wani ɗan damfara yana jan ta cikin sata, kina kallo kina tausaya mata, sai a ƙarshe ta fito da shaidarta, ashe jami'ar farin kaya ce, tarko ta ɗana masa tun farko. Madison ta san abin da mai kallo ya saba ɗauka game da yarinya irin wannan, da shi ta kama shi.

In kina son adadi da za ki kafa hujja da shi, ga wanda aka tantance: masanin tarihin fim Mark Garrett Cooper ya ƙirga cewa tsakanin 1912 da 1919 Universal ta rubuta sunayen mata 11 a matsayin daraktocin finafinai aƙalla 170. Akwai wata magana da ke yawo cewa rabin finafinan zamanin mata ne suka rubuta su. Masana suna jayayya a kanta, don haka ki bar ta, gaskiyar da ke hannu ta isa.

A Faransa, wadda ta fito a Les Vampires na 1915 zuwa 1916, kashi 10, ita ce Jeanne Roques, wadda aka fi sani da Musidora. Ta fito a matsayin Irma Vep, 'yar gungun ɓarayi mai baƙaƙen kaya tana yawo a kan rufin gidajen Paris. Fim ɗin ya sa 'yan sandan birnin suka hana nuna shi na ɗan lokaci, don suna ganin yana ƙawata miyagu yana wulaƙanta hukuma. Mutane sun riƙe hotonta da baƙaƙen kayan, sun manta cewa ta kafa kamfaninta, ta ba da umarnin finafinai a Faransa da Sifen a farkon shekarun 1920. A Italiya kuma Elvira Notari ta birnin Naples, ita da mijinta Nicola mai riƙe kyamara da ɗansu Eduardo mai fitowa, sun riƙe kamfanin Dora Film. Ta yi dogayen finafinai wajen 60, tana ɗauka a lungunan birnin da mutanen unguwa, labaran kishi da wuƙa da kurkuku da mata masu wahala a hannun uba ko saurayi. 'Yan Italiya mazauna New York suna rububinsu. Gwamnatin Mussolini ba ta son a nuna talauci da laifi a ƙasar, masu tace finafinai suka matsa mata, zuwan murya ya ƙarasa, kamfanin ya daina shirya fim a wajen 1930. Can Ostareliya, 'yan'uwa mata uku 'yan gidan McDonagh, Paulette mai ba da umarni, Isabel mai fitowa, Phyllis mai kula da shiri da ƙawata wuri, sun yi The Cheaters a ƙarshen shekarun 1920, labarin shugaban 'yan damfara da yarinyar da ya raina tana yi masa aiki tana fasa akwatin kuɗi. Sun gama shi marar magana a daidai lokacin da kasuwa ta koma ga mai magana, suka yi ƙoƙarin liƙa masa murya, bai karɓu ba.

Kada ki manta da marubuta, domin a nan hannun mata ya fi daɗewa. Dr. Mabuse na 1922, babban fim ɗin laifi na Jamus, ana kiransa na Fritz Lang, amma tare da Thea von Harbou suka rubuta shi, haka ma Spione na 1928. Daga baya ta shiga jam'iyyar Nazi, wannan tabo ne da ba za ki ɓoye ba in kin ambace ta. The Lodger na 1927, wanda Alfred Hitchcock ya fara suna da shi, daga littafin Marie Belloc Lowndes aka ɗauko shi, mataimakiyar darakta kuma ita ce Alma Reville, wadda ta riga Hitchcock shiga sana'ar ta kuma zama matarsa. Chicago na 1927 kuwa daga wasan kwaikwayon Maurine Watkins ne, 'yar jaridar da ta halarci shari'ar wasu mata biyu da aka tuhuma da kisa a 1924, Lenore Coffee ta mayar da shi fim.

Akwai labari ɗaya da nake so ki ba shi wuri sosai, tunda ke 'yar jarida ce. Dorothy Davenport matar jarumi Wallace Reid ce. Ya ji rauni a wurin aiki a 1919, aka riƙa ba shi allurar mofin don ya ci gaba da ɗaukar fim, ta kama shi, ya mutu a Janairun 1923. Matar ba ta ɓuya ba. A shekarar ta fito da Human Wreckage kan fataucin miyagun ƙwayoyi, ta bi gari-gari tana jawabi. Wannan fim ya ɓata gaba ɗaya. A 1925 ta shirya The Red Kimona, labari daga Adela Rogers St. Johns, Dorothy Arzner ta tsara shi don fim. Labarin gaskiya ne na Gabrielle Darley, yarinyar da wani ya yaudara da alkawarin aure ya jefa ta karuwanci yana cin kuɗinta, ta harbe shi, kotu a Los Angeles ta wanke ta. A fim ɗin harbin yana faruwa ne a kantin kayan ado, inda ta tarar da shi yana sayen zoben aure don wata. Fim ɗin baƙi da fari ne, amma rigar an shafa mata launin ja, tana ci kamar garwashi a tsakiyar hoton. Mafi kyawun ɓangarensa a wurina shi ne bayan shari'a: wata attajira ta ɗauke ta don a gan ta tana taimako, tana nuna ta ga ƙawaye, da labarin ya daina tashe ta watsar da ita, duk inda ta nemi aiki a kore ta.

Davenport da kanta take buɗe fim ɗin, tana tsaye a ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu tana nuna labarin, tana roƙon a tausaya wa irin waɗannan mata. Niyyarta mai kyau ce, ba na shakka. Amma ta yi amfani da ainihin sunan matar ba tare da ta nemi izininta ba. Matar tana raye, ta yi aure, tana zaune cikin mutanen da ta ce ba su san bayanta ba. Ta kai ƙara tana neman diyyar dala 50,000. A 1931 kotun ɗaukaka ƙara ta California, a shari'ar da ake kira Melvin da Reid (Melvin sunan auren Darley ne, Reid kuma na Davenport), ta ce abin da ke cikin kundin kotu kowa na iya ba da labarinsa, amma haɗa shi da ainihin sunan wadda ta riga ta gyara rayuwarta shiga haƙƙinta ne. Har yau ɗaliban lauya a Amurka suna karanta wannan hukunci in an zo batun sirrin mutum. Ni a ganina Davenport ta yi kuskure babba, ta yi wa matar irin abin da fim ɗinta ke zargin attajirar da yi. Ki sa wannan a rubutunki. Girmama waɗannan mata ya haɗa da faɗin inda suka kauce.

To, ina suka shiga? Dalili na farko kuɗi ne. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya fim ƙaramar sana'a ce da manya ke rainawa, kowa yana yin kowane aiki, mai fitowa yau gobe ita ce mai rubutu, jibi ta tsaya bayan kyamara. Da dogayen finafinai suka zo, kuɗin shiri ya ninka, bankuna suka shigo, ƙananan kamfanoni suka mutu ko aka haɗiye su. Manyan suka rarraba aiki sashe-sashe, kowane sashe da shugabansa, aka ɗauki darakta a matsayin mai jagorantar rundunar maza. Hanyar da mace ke bi daga wasa zuwa umarni ta toshe. Alice Guy ta yi fim ɗinta na ƙarshe a 1920, ta koma Faransa a 1922, ba ta ƙara samun aikin ba har ta rasu a 1968. Weber, wadda ta buɗe kamfaninta a 1917, ta rasu a 1939 ba ta da komai. Cunard ta ƙare tana karɓar ƙananan fitowa. A shekarun 1930 Dorothy Arzner ce kaɗai macen da manyan kamfanonin Hollywood ke ba umarnin fim a kai a kai.

Dalili na biyu shi ne finafinan kansu sun salwanta. Faifan lokacin na sinadarin naitiret ne, yana kama wuta kamar fetur, in ya tsufa kuma ya narke ya zama gari. Da murya ta zo, kamfanoni suka ga tsofaffin ba su da kasuwa. Rumbun kamfanin Fox ya ƙone a 1937. Universal, inda mata suka fi yawa, da hannunta ta lalata mafi yawan nata marasa magana a 1948. Rahoton da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya ce cikin dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a ƙasar, kashi 70 cikin ɗari sun ɓata kwata-kwata. Waɗanda suka fara rubuta tarihin fim sun rubuta ne kan abin da suka samu suka kalla da mutanen da suke da bakin magana a lokacin. Inda aka rubuta sunan mata da miji, sai a ɗauki na miji. Wasu finafinan Alice Guy an jingina su ga mazan da ke ƙarƙashinta, ta yi shekarun tsufanta tana rubuta wasiƙu tana neman a gyara, littafin tarihin rayuwarta ma bai fito ba sai 1976, bayan ta rasu. Musidora ita ma ta ƙare rayuwarta tana aiki a gidan adana finafinai na Faransa, tana tattara bayanan tsofaffin 'yan sana'ar kafin su ƙare.

Har yanzu ana tsintar abubuwa. A 1978 a Dawson City, can arewacin Kanada, masu haƙa suka tono naɗin faifai 533 da aka binne a wani tsohon wurin ninƙaya, sanyin ƙasar ya adana su. Garin ne ƙarshen hanyar rarraba finafinai, mayar da su ya fi ƙarfin kuɗinsu, shi ya sa aka bar su a can. Jami'ar Columbia kuma tana da wani shiri a intanet mai suna Women Film Pioneers Project, inda masana ke tattara tarihin waɗannan mata ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasashe da yawa. Nan za ki tantance duk sunan da na ambata.

Shawarata kan rubutun: kada ki jera sunaye ashirin. Ki ɗauki The Lonely Villa da Suspense, duka biyun suna intanet kyauta, tare ba su kai rabin awa ba. Ki kalle su a jere, sau biyu. A karo na biyu ki kashe kiɗan, ki riƙe biro, duk inda hoto ya canza ki rubuta inda kyamara take tsaye da kuma idon wa take wakilta. Sannan ki ƙara The Red Kimona da shari'ar da ta biyo bayansa a matsayin kashi na biyu. In kin gama daftarin farko ki turo mini in duba, Allah ya ba da sa'a.